Yadda za a cike giɓin furotin a abincin tsofaffi a gidajen kulawa

Sau da yawa tsohon da ke ramewa a gidan kula da tsofaffi ba abinci ya rasa ba. Ana ɗora tukunya sau uku a rana, ana kai masa kwano, ana dawowa a ɗauke. Abin da ke yi masa ƙaranci shi ne furotin, sinadarin da jiki ke gina tsoka da shi, ya gyara fata, ya warkar da rauni, ya yi garkuwa daga cuta. Matsalar ta fi fitowa fili a ƙasashen Turai, Amurka da Ostireliya, inda gidajen suka yi yawa kuma aka yi ta auna abin da mazauna ke ci. Amma mai dafa wa mutane a gidan gajiyayyu a nan ƙasar Hausa, da 'yan'uwanmu masu aikin kula da tsofaffi a ƙasashen waje, da mai jinyar mahaifiya a cikin gida, duk abu ɗaya suke fuskanta. Aikin kuma ana yin sa ne mutum-mutum, kwano-kwano, domin abin da aka zuba daban, abin da ya shiga ciki daban.

Nawa ne ya ishe shi

Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi ga babban mutum mai lafiya shi ne giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Wannan bai ishi tsoho ba. Tsokar mai shekaru ba ta amsa abinci kamar ta matashi, sai an ƙara mata kafin ta fara gini. Shi ya sa a 2013 rukunin masana na PROT-AGE ya ba da shawarar giram 1.0 zuwa 1.2 a kowane kilo ga wanda ya haura shekara 65 kuma yana da lafiya, giram 1.2 zuwa 1.5 ga mai ciwo, na ɗan lokaci ne ko mai daɗewa, har zuwa giram 2.0 ga mai ciwo mai tsanani ko wanda ya rame ƙwarai. Yawancin mazauna gidajen kulawa suna da ciwo ɗaya ko biyu, saboda haka giram 1.2 shi ne wurin farawa mai kyau.

Lissafin ba shi da wuya. Tsohuwa mai kilo 55, a ninka da 1.2, tana bukatar giram 66 a rana. Tsoho mai kilo 65 da ke da gyambon kwanciya, a ninka da 1.5, kusan giram 98. A rubuta adadin kowa a jikin katinsa, a kuma kai wa masu girki, don su ne ke riƙe da ludayi.

Akwai waɗanda ba a yi musu wannan lissafi sai da izinin likita. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, wanda gwajin eGFR ɗinsa, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya faɗi ƙasa da 30 kuma ba a fara yi masa wankin ƙoda ba, ana taƙaita masa furotin ne. Wanda aka riga aka fara wa wanki kuwa ƙari yake bukata. Abin da bai dace ba shi ne a hana dukan gida nama da ƙwai saboda tsoron ƙodar mutum ɗaya da ba a ma gwada ba. A yi gwajin, a ware mai matsalar, a ciyar da sauran.

Fara da kallon kwanon da ya dawo

Kafin a sauya komai a madafa, a ɗauki kwana 3 ana rubuta abin da kowane mai rauni ya ci. Ba a rubuta "ya ci" ko "ya ɗan taɓa". A rubuta ko ya cinye, ko kashi uku cikin huɗu, ko rabi, ko kwata. Mafi muhimmanci, a rubuta naman, kifin, ƙwan ko waken daban da tuwon. Tsohon da haƙoransa suka zube zai iya share tuwo tas da miya, ya tura tsokar nama gefen kwano, a rubuta masa cewa ya cinye. Wata kuma za ta naɗe nata a leda ta cusa ƙarƙashin filo, tana jiran jikokin da za su zo ranar Juma'a. Duk mai ɗauke kwano ya san wannan, sai dai ba a cika tambayarsa ba.

Idan aka haɗa lissafin, abin da ke fitowa yakan ba da tsoro. Ɗauki yinin da aka saba: shayi da burodi ko koko da suga da safe, furotin giram 6 zuwa 8. Shinkafa da miya da 'yar tsoka ɗaya da rana, kusan giram 12. Tuwo da miyar kuka da dare, giram 8 zuwa 10. Duka bai wuce giram 30 ba, idan ma an cinye ke nan. Tsohuwar nan mai bukatar 66 ba ta sami ko rabi ba, alhali babu wanda zai ce an bar ta da yunwa.

Tare da wannan a riƙa awon nauyi, kowane wata ga kowa, kowane mako ga wanda ake damuwa da shi, a kan sikeli ɗaya, da safe, da tufafi marasa nauyi. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata 3, ko kashi 10 cikin 100 a wata 6, alama ce ta a tashi tsaye. Ga mai kilo 55, kilo 3 kacal ake magana. Wanda ba ya iya hawa sikeli, a auna masa sha-raɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, da tef ɗin tela a inda ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 na nuna tsoka ta zube. A kula da mai kumburin ƙafa, don ruwan da ya taru yana ɓoye rama a sikeli da tef duka. A irin wannan sai a duba gefen goshi ko ya lotsa, da ƙashin wuya, da naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Wani gwaji mai sauƙi: ya tashi daga kujera ya zauna sau 5 ba tare da dafa hannu ba. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafa ya ragu. Gwajin albumin, wani furotin da ke cikin jini, kuwa kada a dogara da shi wajen sanin ko mutum na cin furotin, don zazzaɓi, kumburi da ciwon hanta duk suna saukar da shi.

Abin da ke cikin kowane abinci

Sai masu girki sun haddace wasu 'yan lambobi. Ƙwai ɗaya yana ba da furotin giram 6. Dafaffen nama marar kitse mai giram 100, kamar faɗin tafin hannu ba tare da yatsu ba, yana ba da giram 25 zuwa 30. Dafaffen kifi mai wannan nauyi giram 20 zuwa 25. Kofin madara ko kindirmo mai mililita 250 kusan giram 8. Babban cokali ɗaya na garin madara kusan giram 2. Busasshen wake giram 23 a cikin kowane 100, amma idan ya dahu ya sha ruwa sai ya koma kusan giram 8 a cikin 100. Gyaɗa giram 25 a cikin 100, waken suya kusan 36. Busasshen kifi, fiye da rabin nauyinsa furotin ne. Shinkafa da tuwo kuwa giram 2 zuwa 3 ne kawai a cikin 100 bayan an dafa.

Akwai abubuwan da ake ɗauka masu gina jiki ne amma kaɗan suke bayarwa, kuma a nan kuɗi ke zurarewa. Romon nama ko na ƙashi yana da daɗi, yana buɗe ciki, amma furotin ɗin yana nan cikin tsokar da aka bari a tukunya. Ganda da ƙafar saniya furotin ɗinsu bai cika ba, ba ya gina tsoka kamar na jan nama. Lemon malt suga ne mafi yawansa. Farin garin da ake sa wa shayi ya yi kama da madara, wani ba madara ba ne, man itatuwa ne da suga. A juya bayan leda a karanta: garin madara na gaske yana da wajen giram 24 zuwa 26 a cikin 100, wanda aka cire wa mai ya kai 35. Garin zogale yana da amfaninsa, sai dai ƙaramin cokali ɗaya bai kai ko giram 1 na furotin ba, ba zai maye gurbin ƙwai ba.

Gyara karin safe tukuna

Jikin tsoho ya fi amfana idan aka raba furotin a kan giram 25 zuwa 30 a kowane babban ci, maimakon a tara masa shi duka da rana. Karin safe shi ne inda giɓin ya fi girma a kusan kowane gida, kuma shi ne lokacin da yawancin tsofaffi, musamman masu gigin tsufa, suka fi nutsuwa da son abinci. Don haka a nan riba take.

Kofin kunun gyaɗa mai kauri da aka dama da gyaɗa giram 30 yana ba da giram 7 zuwa 8. A zuba garin madara babban cokali 3, an ƙara 6. A haɗa da ƙwai 2, dafaffe ko soyayye da laushi, an ƙara 12. An kai 25 ke nan, kuma babu abin da ke bukatar haƙori. Ranar da ba ƙwai, a kawo alale ko ƙosai mai laushi. Ga masu girki da yawa: kilo 1 na wake, a surfa a markaɗa, a fasa ƙwai 10 a ciki, a raba wa mutum 15. Kowa zai tashi da giram 18 zuwa 20. Idan aka marmasa kifi a ciki bayan an tsince ƙaya, ya wuce haka.

Garin kunu ma ana iya ƙarfafa shi tun daga niƙa. Gero kashi 3, soyayyen waken suya kashi 1, soyayyar gyaɗa kashi 1, bisa nauyi. Gero shi kaɗai wajen giram 11 yake da shi a cikin 100, wannan haɗin ya kusa 19. Dole waken suya ya soyu ko ya dahu sosai, don ɗanyensa yana hana narkewar abinci yana ɓata ciki. Madararsa ma sai ta tafasa na aƙalla minti 15. Gyaɗa kuma a tsince ta da kyau, a zubar da duk wadda ta yi funfuna, ta sauya launi ko ta yi ɗaci, saboda gubar aflatoksin da ke lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Da rana, shinkafa da wake rabi da rabi ta fi farar shinkafa nesa ba kusa ba: dafaffen wake giram 150 ya ba da 12, shinkafa 4, kifi giram 50 ya ƙara 11. Wanda wake ke kumbura wa ciki, a jiƙa waken tun dare, a zubar da ruwan, a cire ɓawon, a dafa har ya farfashe, a fara masa da kaɗan. Da dare a rage malmalar tuwo a ƙara wa miya nauyi. Miyar gyaɗa, miyar agushi, miyar taushe da gyaɗa, ko kuka da kuɓewa da aka sa wa dakakken busasshen kifi babban cokali ɗaya ga kowane mutum. Nama a niƙa shi ko a dafa har ya saki a sassaɓe shi a cikin miya, ta yadda kowace loma za ta ɗauko shi, babu abin turewa gefe. Awara da aka dafa cikin miya ta fi soyayya laushi a baki.

Ƙa'idar ita ce a ƙara wa abinci ƙarfi ba tare da an ƙara masa yawa ba, don cikin tsoho ƙarami ne kuma tulin abinci na kashe masa sha'awa tun kafin ya sa hannu. A Birtaniya ana zuba garin madara babban cokali 4 a cikin madara mililita 570, a yi amfani da ita duk yini a shayi, kunu da duk abin da ake sa wa madara. Kada kuma a manta da mai. Idan kuzarin abinci bai kai ba, wato wajen kalori 30 a kowane kilo, jiki zai ƙone furotin ɗin ya yi makamashi da shi, tsoka ba ta ga komai ba. Cokalin man gyaɗa ko man shanu a tuwo da kunu yana tsare wannan.

Sai a duba tazarar dare. Gidan da ke ba da abincin dare ƙarfe 6 saboda ma'aikata za su tashi, ya kawo karin safe ƙarfe 8, ya bar mutane awa 14 babu komai. Kofin madara mai ɗumi, kindirmo, ko fura da nono da aka dama ta yi sumul bayan sallar isha'i yana rage wannan tazara. Wani kofin da la'asar. Nonon ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin a ɗaura, ƙwai kuma ya dahu, don garkuwar tsoho ba ta ɗaukar ɗanye.

An gwada irin wannan ƙari a Ostireliya, aka wallafa sakamakon a mujallar likitanci ta BMJ a 2021. Gidajen kula da tsofaffi 60, mazauna sama da 7,000, tsawon shekara 2. Rabin gidajen sun ƙara madara, yogot da cuku a abincinsu, furotin ya tashi zuwa wajen giram 69 a rana. Karayar ƙashi ta ragu da kashi 33 cikin 100, karayar ƙugu da kashi 46, faɗuwa da kashi 11. Abincin kasuwa ne aka yi amfani da shi, kuma madarar ta zo da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, tare da furotin.

Idan an dafa amma ba a ci ba

A buɗe baki a duba da tocila. Haƙori mai girgiɗi, dasashi mai kumburi, farin abu a kan harshe, bushewar yawu, haƙoran roba da suka yi sako-sako bayan mutum ya rame, kowannensu ya isa ya sa a ƙaurace wa nama. A wanke baki safe da dare. A tambayi yaushe ya yi bayan gida, don ciki a ɗaure ba ya karɓar abinci, kuma ƙarin furotin na bukatar ruwa: wajen lita 1.6 ga mace, lita 2 ga namiji, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. A kai wa likita jerin magungunansa, domin wasu kamar metformin da digoxin suna kashe sha'awar abinci. Mai ciwon Fakinsan, wato ciwon karkarwar jiki, da ke shan maganin levodopa, a ba shi maganin minti 30 kafin abinci ko awa 1 bayansa, don furotin na rage shigarsa jiki. Ba a hana shi furotin, lokaci ake gyarawa. Goro da shayi dab da cin abinci suna toshe ciki, a jinkirta su. Baƙin ciki da kewar gida ma suna hana ci, kuma suna da magani.

Haɗiya ita ce wurin da ya fi haɗari. Wanda ke tari yana cikin ci, ko ruwa ke sarƙe shi, ko muryarsa ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, ko yake tara abinci a kumatu, ko ciwon huhu ke yawan dawo masa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki, yana bukatar ƙwararre ya duba shi ya faɗi kaurin abincin da ya dace. A zaunar da shi a miƙe, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a markaɗa abinci da ruwa mai yawa don ya wuce da sauƙi, sai kwanon ya cika amma rabinsa ruwa. A markaɗa da madara, kindirmo ko miya mai kauri. Garin ƙuli-ƙuli da dambun nama a bushe suna shaƙe mai wannan matsala, sai an jiƙa su cikin miya ko kunu. Ɗura kuwa, da cokali ce ko da sirinji, ba a yi wa tsoho ita ko kaɗan. Tana tura abinci cikin huhu, tana kuma zubar da mutuncin mutum.

Mai taimakawa ya zauna daidai da fuskar wanda yake ba abinci, kada ya tsaya a kansa. Ya faɗa masa abin da ke cikin kwanon: "Baba, alale ne da kifi, bismillah, ku fara da shi tun da ɗuminsa." A fara da mai furotin kafin tuwo, tun ciki bai cika ba. Wasu na bukatar minti 30 zuwa 40, idan abinci ya huce a ɗumama. Asibitoci da yawa a Ingila suna sa wa mai bukatar taimako jan faranti, don kada a ɗauke kwanonsa sai nas ta gani, suna kuma hana zagayen likitoci da shara a lokacin cin abinci. Kowane gida zai iya yin haka da kwano mai launi daban. Mai gigin tsufa da ba ya zama wuri ɗaya, a ba shi abin riƙewa a hannu, ƙosai, yankan dafaffen ƙwai, awara mai laushi, ya ci yana tafiya ana lura da shi. Cin abinci cikin jama'a ya fi na kaɗaici yawa, kuma tambayar 'yan'uwa abin da Inna ta fi so tun tana gidanta yakan warware abin da jadawali ya kasa.

Tsohon da ya dage sai ya yi azumin Ramadan, a haɗa shi da likita da malami su duba halinsa tare, tun da addini ya yi wa mai rauni rangwame. Idan zai yi, a raba masa furotin uku: buɗa-baki, bayan tarawihi, da sahur mai ƙwai da nono.

Furotin ba ya zama tsoka sai an motsa ta. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Tashi da zama daga kujera sau 8 zuwa 10, zagaye biyu, ɗaga ƙafa a zaune, ɗaga gorar ruwa da hannu, sau 2 ko 3 a mako, da ɗan tattaki kullum ga mai iyawa. A ba shi kofin madararsa bayan ya gama.

Idan an yi duk wannan mako 4 nauyi na ci gaba da sauka, lokacin madarar asibiti ta musamman ya yi. Shawarar ESPEN, ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ita ce madarar ta ba da aƙalla kalori 400 da furotin giram 30 a rana, a sha na aƙalla wata 1, a sake awo. A ba da ita tsakanin abinci, kaɗan-kaɗan, don kada ta kashe cin rana. Mai hawan jini a rage masa dunƙulen miya da gishiri a ranar da aka sa busasshen kifi ko kifin gwangwani, mai ciwon suga a bar masa nono da ƙwai a cire sugan fura. Wanda kuma ya yi kwana 5 ko fiye kusan bai ci komai ba, kada a cika masa ciki lokaci guda. Dawo da abinci da gaggawa na iya rikita gishirin jini har ya taɓa zuciya, don haka likita ne zai tsara yadda za a fara, da gwajin jini a kwanakin farko.